Yadda Na Cinye Abincin Fatalwa a Makka

Tun da na dawo daga Umra ban huta da tambaya ba. A gidan biki, a gidan suna, har a layin ganin likita wata ta leƙo fuskata ta ce, "Hajiya, ba ke ce ta cikin bidiyon nan ba?" Ni ce. Wanda bai gani ba, ga abin da ke ciki: mace mai jiki sanye da baƙar abaya, ita kaɗai a kusurwar wani gidan abinci a Makka, ta naɗe hannun riga tana narkar shinkafa da naman rago, a daidai lokacin da gari duk ke sallar Azahar. A ƙasa an rubuta da Larabci wai an kama fatalwar da ta addabi unguwa. Ƙawayena sun yi dariya har da hawaye. Matar wana ta ce na zubar wa dangi mutunci a ƙasa mai tsarki.

Ban ba kowa amsa ba, kuma duk wanda ya san Balaraba ya san ba rashin baki ne ya hana ni ba. Na yi shiru ne saboda akwai wadda maganata za ta iya jefawa cikin jirgi a dawo da ita inda ba ta so. Yanzu ta fi ƙarfin jirgi, don haka ku gyara zama. Sunayen mutanen can da zan ambata ba nasu ba ne, kada wani ya wahalar da kansa da bincike.

Ranar da zan bar Funtua mahaifiyata, Iya, ta kira ni ɗakinta ta ba ni wani ƙulli. Daddawa ce da kuka da dakakken yaji. Ta ce, "Ki kai wa Yaya Dije. In kin same ta ki taho min da ita. In kabari kika samu, ki ce na yafe mata shirun da ta yi min."

Inna Dije yayar Iya ce. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, ta zama yau tana gidan wannan ɗan uwa, gobe tana gidan wancan. Shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce ta sayar da gonar gadonta ta tafi Umra, jirgin ya dawo babu ita. Da farko takan aiko da dabino da saƙon baki ta hannun alhazai, ta ce tana aikin girki a wani gidan abincin mutanen kudu a unguwar Utaibiyya. Daga baya saƙon ya ɗauke ɗif. Wasu suka ce ta rasu, wasu suka ce an kama ta.

Ita ce ta yi renona, kuma ita ce ta sha fama da ni a kan ladabi. A gidanmu ba a suɗe kwano, sai an bar loma ɗaya ga wanda zai ɗauke shi. Lomar Inna Dije daban take. Za ta mulmula ta ta yi sumul kamar ƙwai, ta danna babban yatsa a tsakiya, ta ɗora ɗan nama a ramin, ta ajiye a gefen kwano. Ni kuwa tun ina ƙarama in na zauna wa kwano sai na ga gindinsa. Ta ranƙwashe ni har ta gaji, ta laƙaba min Balaraba uwar ci. Har na aurar da 'ya'ya ban taɓa barin ladabi ba.

Hanyar Kano ba ta ba mu wahala ba sai bayan mun wuce Zariya, inda direba ya tsaya wai zai gaisa da surukinsa, ya bar mu cikin mota muna ta fifita da fasfo. Da ya dawo na gaya masa in jirgi ya tashi ya bar ni, a wannan motar tasa zai kai ni Jidda. Bai sake tsayawa ba ko a gidan mai. A filin jirgi na haɗu da wadda ta zame min abokiyar tafiya, Hajiya Lami, 'yar Malumfashi mai sayar da atamfa. Wannan ce tafiyarta ta farko, tana tsoron komai, daga matakalar nan mai tafiya da kanta har bayan gidan cikin jirgi. Duk lokacin da jirgi ya girgiza sai ta damƙe cinyata ta ja salati, har muka sauka cinyar tana min zogi.

A Jidda ne na fara gane abin da ya sa Inna ta yi shiru. Can ba fuskarka kawai ake kallo ba, yatsunka ake ɗorawa a kan wani gilashi, na'ura ta haddace ka. Ni kuma don gayu na sha lalle kafin in taso, yatsuna sun yi baƙi ƙirin. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na goge a abaya na sake ɗorawa, ta ƙi. Saurayin da ke wurin ya ce, "Ya Hajja," ya ƙara da wata magana mai tsawo da ban fahimta ba, ni ma na ba shi amsa da Hausa mai tsawo da bai fahimta ba. Sai da aka kawo wani ruwa aka goge min kafin ta karɓa da ƙyar. Ina tsaye na ce a raina, ni da na zo da takarduna cif ke nan, to ina ga tsohuwar da bizarta ta mutu tun wannan yaron yana goye?

Daga nan sai masu duba kaya. Mutumin ya kwance ƙullin Iya, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokinsa, shi ma ya shinshina ya toshe hanci. Da alama sun ɗauka wani abu ne ya mutu a jakata. Na gutsuri daddawar na jefa a baki na tauna a gabansu. Suka kalli juna, suka ɗaure min kayana da sauri suka ce, "Yalla, yalla."

Umrarmu mun yi ta lafiya, alhamdulillahi. Abin da na ji ranar da na fara ganin Ka'aba ba na bidiyo ba ne, kuma ba zan iya faɗarsa ba, na dai yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar maigidana Malam. Masaukinmu a Aziziyya yake, mu huɗu a ɗaki, da na'urar sanyi da muka yi ta rigima a kanta, Hajiya Lami na kashewa ina kunnawa. Abinci kuwa kaza da shinkafa, gobe shinkafa da kaza. Mutanen can ba su san gaisuwa mai tsawo ba. Ka ce wa mai shago ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, sai ya tsaya yana kallonka yana jiran ka faɗi abin da za ka saya. Gahawarsu kuma a ɗan kofi kamar murfin kwalba, in ka shanye a ƙara, ka shanye a ƙara. Sai da cikina ya fara ƙugi wata ta raɗa min cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi.

Da muka huta na ce wa Hajiya Lami ta raka ni Utaibiyya. Mai tasin da muka tara baƙi ne dogo, da jallabiya fara. Ina ta haɗa 'yan kalmomin Larabcina, sai ya juyo ya ce, "Hajja, yi Hausa, ni Bahaushe ne." Sunansa Abu Nasir. A Makka aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kakansa ne ya taka da ƙafa daga ƙasar Sakkwato. Bai taɓa ganin Najeriya ba, amma ya tambaye ni ko an yi ruwa bana. Da na ambaci gidan abincin sai ya rage gudu.

"Wannan na mutanen Jizan? Abincinsu mai kyau ne, wallahi, tun ina yaro yake. Amma Hajja, akwai mai gida a ciki."

"Wane mai gida?"

"Wanda ba a gani."

Hajiya Lami ta damƙe cinyata.

Ga labarin kamar yadda ya ba mu. Wanda ya kafa wurin mutumin kudancin ƙasar ne, daga Jizan. Wata rana, da can can, wani alhaji baƙo ya shigo a galabaice ya nemi abinci. Kafin a kawo aka kira Azahar, mai wurin ya ce ya yi haƙuri sai an idar, ya ja ƙofa ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tarar baƙon ya cika a kusurwa, da yunwarsa. Tun daga ranar ya yi alkawari kullum kafin a rufe don Azahar za a ajiye tire cike a wannan kusurwar, in an dawo a ba mabukaci. Haka aka yi ta yi har ya rasu. To a 'yan shekarun nan, in an dawo daga salla aka ɗaga ƙofa, sai a tarar an ci. Ƙofa a kulle, ba kowa. Masu girki biyu sun gudu. Wani ya rantse ya ji ana tari a ciki, wani ya ce ya bar tukunya babu gishiri ya dawo ya tarar an gyara ta.

Na ce, "Fatalwa mai gyara gishiri? Wannan ai a ba ta albashi."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye mu a bakin wani lungu ya nuna da hannu, ya ƙi ƙarasawa.

Utaibiyya tsohuwar unguwa ce, gidaje manne da juna, in ba don duwatsu ba sai ka ce cikin birnin Kano kake. Gidan abincin yana ƙasan wani tsohon bene. Mun isa ana ɗaga ƙofa bayan salla, domin su har yanzu suna rufewa duk da wasu shagunan sun daina. Wasu samari suna tsaye a waje da wayoyi a hannu, suna leƙe. Aka kai mu ɓangaren iyali, muka zauna a kan darduma, aka shimfiɗa leda. Na ci naman ragon da suke gasawa a rami har ya saki ƙashi, na ci wani abu da suke kira marsa, gurasa da ayaba da zuma da man shanu a cakuɗe. Hajiya Lami ko loma ba ta iya haɗiya ba, tana ta karanta Ayatul Kursiyyu.

Muna nan wani ma'aikaci ya zo wucewa da tiren kusurwa, ya riƙe shi nesa da jikinsa da tsumma kamar mai zafi. Na miƙa wuya na leƙa. An ci shinkafar daga gefe ɗaya, tsaf, ba a watsa ko ƙwaya ba. A bakin tiren ga loma ɗaya a mulmule, sumul, da ramin yatsa a tsakiya, da ɗan nama a ciki.

Ma'aikacin ya ga ina kallo, ya nuna lomar ya ce, "Jinni." Wai wannan ce alamar da aljanin ke bari kullum.

Ban san al'adun aljanu ba, amma na san yatsan da ya danna wannan ramin, don ya sha sauka a tsakiyar kaina.

Na sa Hajiya Lami a tasi ta koma masauki, tana ta yi min addu'a. Na tambayi mai wurin, aka ce ɗan marigayin ne ke riƙe da shi, Faisal, amma uwarsa tana saman benen. Na zaga ta ƙofar gida na hau. Hajiya Sa'adiyya dattijuwa ce, jikar Hausawa, haifaffiyar Makka, wadda mutumin Jizan ɗin ya aura. Ta karɓe ni da dabino da gahawa. Da na ambaci Dije ko gezau ba ta yi ba.

"Dije? Ta yi aiki a nan, sahih. Ta daɗe da tafiya, ya binti. Ba mu san inda take ba."

Ban yi musu da ita ba. Na kwance ƙullin Iya na baje a tsakiyar falonta mai ƙamshin turaren wuta. Nan da nan daddawa ta kori turaren. Can sai na ji tari daga bayan wani labule, sai murya ta ce, "Wannan daddawar Funtua ce. Ta Kano ba ta wari haka."

Ta fito tana dafa bango. Ta rame, ta rage tsawo, haƙoran gaba sun zube. Ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Balaraba uwar ci. Ashe ba ki fasa ba." Na faɗa jikinta ina kuka, ita kuma tana cewa in yi a hankali kar in karya ta.

A wannan yammacin na ji sauran labarin. Da aka tsananta binciken takardu, aka rushe unguwannin da 'yan uwanmu ke fakewa, ƙawayen Inna aka yi ta kwashe su ana mayarwa gida. Wanda aka samu da ma'aikaci marar igama, wato takardar zama, shi ma ya shiga uku. Sai Hajiya Sa'adiyya ta ce wa kowa Dije ta tafi, har da ɗanta Faisal wanda Inna ta goya, ta ba ta ɗaki a can ƙuryar bene. Ta ɓoye masa ne don wurin da sunansa yake, in bai sani ba babu ruwansa, kuma a cewarta duk abin da ya shiga kunnensa matarsa ta ji, in matarsa ta ji unguwannin Shisha da Aziziyya sun ji. Akwai wata tsohuwar ƙofa daga gidan zuwa ɗakin ajiyar gidan abincin, an jingine buhuna a gabanta, sababbin ma'aikata ba su san tana buɗewa ba.

Na ce, "To Inna, me ya sa ba za a hawo miki da abincin sama ba?"

Ta harare ni. "Ni majinyaciya ce ko fursuna? Na ba wannan murhun ƙarfina duka. Sau ɗaya a rana zan sauka da ƙafata, in zauna kamar mutum, in ɗanɗana abin da waɗannan yaran ke jagwalgwalawa. Tiren mabukaci ne, ni kuma mabukaciya ce. Wa na cuta?"

Na isar da saƙon Iya. Na ce akwai hanya, in ta miƙa kanta za a mayar da ita gida, mu kuma za mu riƙe ta.

"Ku riƙe ni? Na ga riƙon. Wata biyu a gidan wannan, wata uku a gidan wancan, ana ƙirga min loma. Ban sayar da gonata don in koma ba. Nan na zo in mutu, a sallace ni a Harami, kuma ban fasa ba."

Na ciro waya na ce to ga Iya, ko gaisawa su yi. Ta kau da kai. Ta ce, "Mayar da abin nan. In na ji muryarta zan karaya."

Ran nan na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, amma ban sake roƙonta ba. Na san jinin, irinsa ne a jikina. Na riƙa zuwa kullum a matsayin baƙuwar Hajiya Sa'adiyya. Inna ta kaɗa miyar kuka a ɗan risho, muka tuƙa tuwo da garin da aka samu, mu uku muka ci muna gumi.

Ana haka sai Faisal ya hawo wata rana ya same mu, Inna ta shige bayan labule. Mutum ne mai kirki, da gemu da tumbi, Hausarsa a karye, rabi Larabci. Ya sumbaci goshin uwarsa ya ce magana ta ƙare, halas. Mai girki na uku ya ce zai tafi, iyalai sun daina zuwa, sai samari masu waya. Gobe kafin Azahar zai kafa kamara a kusurwar, kuma ba zai cire ba. Samarin nan ma zai bar su su ajiye wayoyinsu a ciki, kowa ya ga gaskiya. Uwar ta ce alkawarin ubansa ba abin wasa ba ne. Ya ce, "Ya ummi, shekara nawa kina hana ni? In aljani ne a kawo malamai, in mutum ne a kira askar." Askar su ne 'yan sandan can.

Bayan ya fita Hajiya Sa'adiyya ta ce Inna ta haƙura da sauka. Inna ta ce ita ba ɓera ba ce da za a toshe mata rami, gobe da ƙafarta za ta sauka, in sun ga dama su ɗauke ta a hoto da kyau. Suka yi ta yi kamar za su daki juna. Ni kuma ina gefe ina tunani. In Inna ta sauka, ta tafi ke nan. In kuma tire ya kwana ba a taɓa ba daga ranar da aka kafa kamara, ko yaro ya san mutum ne, kuma mutumin gida, daga nan sai a fara ɗaga buhuna. Mutanen nan fatalwa suke nema. To sai a ba su wadda ke da fasfo da biza da tikitin komawa.

Na ce, "Inna, gobe ki ara min tirenki."

Ta kalle ni ta kalle ni, sai ta ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe ta. "Ai ko ban ara miki ba na san za ki ci."

Washegari da aka kira salla, na ji an ja ƙofar ƙarfe an datse, na sauko ta ɗakin ajiya na ture buhu na shiga. Ga kamara a sama da jan idonta, ga wayoyi an jingine a kan kanta. Na tuna 'ya'yana da surukaina da matan unguwarmu. Sannan na tuna gilashin nan na Jidda, na hango yatsun Inna a kansa. Na zauna na naɗe hannun riga na yi bismilla. Tunda abin kunya zan yi, na ce bari in yi shi da kyau, shi ya sa kuka ga kumatuna a cike. Ga masu cewa na bar salla don ci, Azahar ɗina na yi ta cikin lokacinta, a sama, kafaɗa da kafaɗa da Inna.

Da na kusa gamawa hannuna ya kai ga lomar ƙarshe zai kai baki kamar yadda ya saba. Sai na tsaya. Na mulmula ta, na danna yatsa, na ɗora nama, na ajiye a gefe. Ba ta yi kyau kamar tata ba.

Aka ɗaga ƙofa ina lasar hannu. Samarin suka yi ihu, wani ya faɗi ƙasa don dariya. Kafin La'asar na zaga Makka a wayoyin mutane, kafin Isha na iso Funtua. Faisal ya kore su ya ja ƙofa, ya tsaya a kaina, fuskarsa ta yi ja.

"Hala," ya ce, wato inna da yarensu, "ke kin zo jiya jiya. Wannan tire shekaru ana ci. Ni ba mahaukaci ba ne."

Na ce, "Wannan kuma sai ka tambayi fatalwar da ta riga ni."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka a kan tiren. Ashe duk shekarun nan bai taɓa tsayawa ya kalle shi ba, ma'aikata ke kwashewa su zubar kafin ya dawo daga masallaci. Ya durƙusa. Ya ɗauki lomar ya juya ta a tafin hannunsa.

"Wa ya koya miki wannan?"

Na ci gaba da lasar hannuna.

"Lokacin ina ƙarami," ya ce a hankali, "Dada Dije tana bar min irin wannan. Kullum. Ta ce nawa ne." Ya ɗaga kai ya kalli silin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya jefa lomar a baki ya tauna, hawaye na bin gemunsa. Ya jawo kujera ya hau ya cire kamarar da hannunsa.

Ga unguwa ya ce baƙin uwarsa ne daga Najeriya suka saba saukowa su ci, ba su san al'ada ba. Mutane suka yi ta zaginmu da kwaɗayi na 'yan kwanaki, suka manta. Mai girki ya fasa tafiya. Faisal ya ce daga yau shi da kansa zai riƙa ajiye tiren ya kuma ɗauke, kada ma'aikaci ya sake zuwa kusurwar. Bai tambayi uwarsa komai ba, ita ma ba ta gaya masa komai ba. Na dai ga ya sa an gyara matakalar ɗakin ajiya, an kafa mata ƙarfen dafawa.

Hajiya Lami ba ta yi min magana ba har muka sauka a Kano. A jirgi cinyar wata ta riƙa damƙa.

Da na iso gida na tarar kowa ya gani. Wana ya kira ni ya yi faɗa, na ce ya yi haƙuri yunwa ce. Iya ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Sai da 'yan sannu da zuwa suka watse ta ce in turo ƙofa. Jikokinta sun ce sau da yawa ta sa su kunna mata bidiyon, kuma kullum sai ta ce a bar shi ya kai ƙarshe.

Ta ce, "Ke da tun haihuwarki ba ki taɓa barin ladabi ba." Sannan ta ce, "Ta rame?"

Na ce, "Ta rame. Amma bakin yana nan."

"Ba za ta zo ba ko?"

"Ba za ta zo ba, Iya."

Ta gyaɗa kai ta share ido da gefen mayafi. "To Allah ya ba ta abin da ta je nema. Ki kama bakinki." Na kama.

Watan jiya Faisal ya kira ni. Inna ta sauka ta ci abincinta, ta hau ta yi salla, ta kwanta, ba ta tashi ba. An sallace ta a Harami bayan La'asar, Faisal ne ya ɗauki gaban makara. Yadda suka yi da takardu ban tambaya ba, na dai san ba a dawo da wanda ya riga ya cika. Da na gaya wa Iya ta yi salati ta yi addu'a. Da aka kawo tuwo ta ci kaɗan, ta mulmula loma ta danna yatsa ta turo min kwanon.

To kun ji yadda Makka take, tunda kun dame ni. Wadda ta ce na zubar da mutuncin dangi, ban ba ta haƙuri ba kuma ba zan ba ta ba. In za a sake, zan sake, har in nemi ƙari. Bidiyon kuma ku ci gaba da turawa, ban hana kowa dariya ba. Na dai lura wasu suna yanke shi a daidai inda kumatuna suka cika. In za ku tura, ku tura shi har ƙarshe.